Kiret ɗin Ƙwai a Garejin Auta

A layin masu gyaran babur, Inna Mai Shim ake ce mata, alhali ba ta taɓa zaman koyo a ƙarƙashin kowa ba. Mijinta ne bakanike. Da idonsa ya fara rauni, sai ya riƙa kawo mata gwangwanin shim gida, waɗannan 'yan ƙarafa masu kama da maɓallin riga da ake ɗorawa a kan bawul, tana karanta masa lambar kaurin kowanne. Daga karatun lamba ta koma riƙe masa ma'auni. A haka ta san cewa tazarar da ke tsakanin bawul da kamshaf, sandar da ke danna shi, ba ta fi kaurin 'yan silin gashi ba. In ta matse, bawul ya ƙone. In ta yi yawa, inji ya yi ta ƙas-ƙas. Bayan rasuwar mijin, autansu ya gaji garejin, ita kuma ta ci gaba da taya shi.

Sai zazzaɓi ya ɗauke autan. Ya bar babur ɗin wani mai allurar dabbobi a buɗe, an lulluɓe kan injin da tsohuwar rigarsa, ga shim huɗu cikin kiret ɗin ƙwai, kowanne a ramin da ke nuna bawul ɗinsa.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ƙanin mijinta ya same ta a garejin. Guduma ake ce masa, don da ita yake gyara komai. So yake ya karɓi mukulli ya mai da wurin shagon taya.

"Matar yaya, gareji ba kicin ba ne," in ji shi. "Kawo mukullin. Waɗannan shim ɗin kuwa in goga su a dutse in rufe wa mutum injinsa."

"A dutse? Wuƙar albasa ka ɗauke su?"

Ya kai hannu zai kwashe su. Ta make masa yatsu da sifana.

"Wanda ya jera su ba ya nan balle ya sake jerawa. Matsa, ka tare min haske."

Ta yaye rigar ta ninke. Ta mai da kowane shim mazauninsa, ta ɗaura kamshaf, ta shiga zura siraran harsunan ma'auni ɗaya bayan ɗaya. Biyu lafiya lau. Na uku ya matse, na huɗu ya yi sako-sako. Ta zazzage gwangwani kaf, babu kaurin da take nema.

Guduma ya tuntsire da dariya. "To fa! Gwangwani ya ƙare. Sai dutse, uwar gida."

Ta sake kwancewa, ta ɗaga shim ɗin biyu ga haske ta karanta lambobinsu. Na wajen da ya matse ya fi kauri. Ta musanya su, ta ɗaura, ta gwada. Ma'aunin ya wuce da ɗan riƙo kaɗan, kamar wuƙa cikin sabulu.

Da ta rufe injin ta dubi Guduma. "Zo ka buga kik. Ƙafarka dai ba ta taɓa ɓata aiki ba."

Ya taka, injin ya tashi yana numfashi sumul. Masu gyara na maƙwabta suka leƙo.

"Sa'a ce kawai," in ji Guduma, yana miƙo tafin hannu. "Mukullin."

Ta rataye rigar autanta a ƙusa, ta ƙulle mukullin a haɓar zaninta, ƙulli biyu.

"Zo ka kwance, in ka isa."

Bai isa ba. Har yau tana nan. Ba ta auna inji sai ya huce, ko da mai shi zai yi kuka, kuma ba wanda ke taɓa kiret ɗin nan sai ita.