Malama Kuang da Bokitin Ruwanta

Kullum da sassafe, kafin masu kunun gero su sauke tukunya, Malama Kuang Yuzhen ta riga ta iso dandalin bakin kogi da bokitin ruwa da dogayen buroshi masu kan soso. Tun da ta yi ritaya daga koyar da yara take haka. Mu tsofaffin da makaranta ta wuce mu take koya wa rubutun Sinanci a kan daɓen dutse. A tsoma, a rubuta, rana ta shanye, a sake. Ba ta gajiya da maimaita abu ɗaya: daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, layin kwance kafin na tsaye.

Yanzu gwiwoyinta sun gaza, za ta koma wajen 'yarta a Wuhan. Ni ba mai yabon mutane ba ne, duk unguwa ta sani. Amma ba za ta tafi ba a ce komai ba.

Ku tambayi Inna Pei mai awara wa ya koya mata rubuta allon shagonta. Ku tambayi Tsoho Geng, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wa ya riƙe masa wuyan hannu duk tsawon hunturu har ya ja layi miƙaƙƙe.

Ga nawa. Ni magini ne. Matata Suyuan ta rasu, kuma fentin sunanta a dutsen kabari ya koɗe. Ɗana ne ke sabunta shi duk shekara lokacin sharar kaburbura, bana kuwa yana aiki a jirgin ruwa. Ba zan kai baƙo ya taɓa sunan matata ba. Sai na je dandali in koyi rubuta shi da kaina.

Harafin ƙarshe na sunanta kamar gida yake: bango huɗu da zane a ciki. Na yi yadda na saba. Na kafa tushe daga ƙasa, na tayar da bango, na rufe, sannan na cusa na cikin. Ya fito a matse kamar an taka shi.

"Dou, rubutu kake ko gini?" in ji Geng. "A kawo masa siminti!"

"Yi mini shiru, kai da harafinka ke tangaɗi kamar mashayi."

Malama ba ta yi dariya ba. "Tsoho Dou, wa ke zaune a gidan nan?"

"Matata."

"To ka rufe ƙofa tana waje. Bango uku tukuna. Ta shiga, ta zauna sosai. Sannan ka rufe."

Na jefar da buroshi na tafi gida. Ban saba a gyara mini aiki a gaban jama'a ba. Washegari sai ga ta a ƙofata, a saman bene, da gwiwoyin nan nata, tana haki.

"Ka manta kayan aikinka," ta ce. "Magini ne kai kuwa?"

Na koma.

Ranar shara na durƙusa gaban dutsen da fenti ruwan zinari. Na fara daga sama, hannun rigata bai goge komai ba. Na ja bango uku. Na shigar da ita. Da na zo layin ƙarshe hannuna ya tsaya, na daɗe a haka. Sannan na rufe mata ƙofa a hankali. Sunana yana gefen nata, kamar yadda al'adarmu take, amma da jan fenti, tunda ina raye. Shi ma na sabunta shi.

Malama, ke ce mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Rubutunki ruwa ne, kafin hantsi ya bushe, amma yana hannunmu. Na gode. Ban iya faɗa fiye da haka ba.

Ku da kuka yi karatu, akwai tsoho kusa da ku da bai iya rubuta sunan matarsa ba, kuma ba zai roƙe ku ba. Ku je ku same shi, kamar yadda Malama ta hau benena.

Bokitin ni ta bar wa. Gobe da safe ina dandali. Duk wanda ya fara daga ƙasa, da ni zai gamu.