Sandar da Aka Miƙa wa Yaya

Tun kafin in yi wayo yayana yake kaɗa kalangu. Shi ne makaɗin mahauta a kasuwar Maigatari. Ran Alhamis in ya matse kalangu a hammata, wanda ke can bakin iyaka ma ya san sa aka kayar ko raƙumi. Mu yaransa muna biye da shi, ni da ɗan ƙaramin kalanguna. Ba ya magana a wurin kiɗa. In zai juya salo, kalangun ne ke faɗa, kunnenmu ya ɗauka.

Bayan shekarun fari wani jami'in al'adu ya zo daga Kano, yana tara makaɗan ƙasar Gumel don a yi wasa gaban manyan baƙi. Aka kwaso masu ganga daga Gagarawa da masu goge daga Sule Tankarkar, aka haɗa da mu. Jami'in ya yi karatu a Turai, kuma ba ya bari a manta. Ya ce can shugaban makaɗa ba ya kiɗa. Duk wanda ya shahara a cikinsu da abin kiɗansa ya fara, wani goge irin nasu, wani busa, in ya ƙware sai ya ajiye a ba shi sanda. Ya fito da wata siririyar sanda fara wadda ko akuya ba za ta kora ba, ya miƙa wa Yaya, ya ce girma ne.

Yaya, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son girma. A gaban kowa ya cire kalangunsa ya rataya mini. A gidanmu kuwa kalangun da babba ya rataya wa ƙarami ba ya komawa. Haka mahaifinmu ya yi masa, kuma tsohon bai sake taɓa fata ba har ya rasu. Yaya ya san wannan sarai.

Abin da bai zo wa jami'in a rai ba shi ne mu ba ma kallon babba a fuska. Ya yi ta fama da mu a wurin gwaji kan mu riƙa duban Yaya da sandarsa, mu ce to, mu ɗaga kai, da an fara kiɗa mu sunkuyar. Ta yaya zan zuba wa wanda ya goye ni ido?

Ranar wasa, a filin wata makaranta a Gumel, Yaya ya tsaya gabanmu cikin sabuwar riga, ya juya wa manyan baƙi baya kamar yadda aka koya masa. Ya ɗaga sanda. Na fara, tunda babban kalangu yana hannuna, kowa ya bi ni. Kiɗa ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya na saci kallonsa. Sandar ce ke bin mu, kuma a makare take zuwa. Ya ga na gani.

Aka tafa, jami'in ya koma Kano, masu ganga suka koma gonakinsu. Ba a sake tara mu ba. Mahauta suka ci gaba da kiran wanda kalangu ke hannunsa. Yaya ya koma zaman ƙofar gida, sandar kuwa matarsa ta mai da ita abin korar kaji daga shanya.

Mutane sun sha tambayata yaya na ji. Ban ji komai ba, gaskiyar ke nan. Ba murna, ba baƙin ciki. Ina tashi in je kasuwa, in kaɗa, a ba ni nama, in aika wa gidansa rabi.

Wata Alhamis da yamma na dawo, na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, kalangun yake duba.

"Fatar ta saki," ya ce. "Tun safe nake jin ta daga nan."

Na cire shi daga kafaɗa na miƙa masa. "Ga shi, Yaya, ka duba."

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya mai da hannayensa biyu cikin riga.

"Kai za ka ja ta."

Na ce to. Na shiga gida na ja ta.