Safiyar da Inna ta Amsa Gaisuwata

Shekarun baya, zamanin da motocin gyaɗa ke tashi daga Gwarzo niƙi-niƙi zuwa Kano, ina budurwa a Garo. Asalinmu Fulani ne, amma noma ya daɗe da zaunar da mu, Hausa kawai muke ji. Kakata, wadda muke kira Inna, ita kaɗai ta rage da Fulatanci a baki. Da ƙanwarta, abokiyar hirarta, ta rasu, sai ta shige ɗaki ta yi gum. Ko tuwo sai da lallashi.

Bayan an cire gyaɗa, wasu makiyaya suka sauka a gonarmu. Na ƙulla ƙawance da wata 'yarsu mai tallan nono, na ce ta koya mini yarensu. Na haddace nagge, wato saniya; kosam, nono; ndiyam, ruwa. Na rugo gida kamar an yi mini albishir, na tsaya kan Inna na zazzage mata su tas.

Ta ɗago ta dube ni. "To, saniyar ta yi me?" Ta juya ta fuskanci bango.

Da na ba ƙawata labari, ta yi dariya har ƙwaryarta ta kusa kifewa. "Ke, haka ake faɗo wa mutum? Gaishe ta mana!" Daga ranar ta riƙa ja na zuwa rugarsu, ina durƙusa wa tsofaffi, ina kwaɓa gaisuwa, suna shewa, suna gyara mini.

Wata safiya na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, na ce, "Inna, a waali jam?" Wato kin kwana lafiya.

Can na ji, "Jam tan." Wato lafiya lau.

Sai magana ta ɓalle mata kamar ruwan Agusta! Ko rabi ban gane ba, ina dai ta gyaɗa kai. Ta riƙe hannuna tana tambaya, tana dariya. Na fito tsakar gida ina ihu, "Baba! Inna na hira!" Ya yar da buhun da yake ɗinkewa ya taho ba takalmi. A ranar, Inna da bakinta ta ce a dama mata fura.

Har yau Fulatancina gurgu ne. Amma a nan na gane ba don tara kalmomi ake koyon harshe ba, don a samu mai amsa maka ne. Mun ƙara shekaru muna hira kowace safiya, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina yi wa lafazina dariya ba.