Litinin ɗin da aka ce babu ni

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da Litinin ɗin da aka ce babu ni. Na yi shekara goma sha ɗaya ina shara a wata babbar makaranta kusa da Aliero, a matakin albashi na biyu, wato can ƙasa. Da asuba nake biyo motar 'yan albasa daga Jega, in share azuzuwa da ofisoshi, in wuce kafin malamai su iso.

Sai aka kafa kwamitin tantancewa, masu zaƙulo sunayen da ke takarda amma babu mutanensu. Duk malamin da suka tambaya ya ce bai taɓa ganina ba. Ranar Litinin aka sa ni cikin ma'aikatan bogi, za a soke sunana ranar Juma'a.

Na je gabansu da tsintsiyata. Shugabansu wani Dakta ne mai koyar da falsafa. Ya ce tsayuwata gabansa ba hujja ba ce, kowace mace na iya sayen tsintsiya.

Bai san na yi yaƙi da jahilci bayan na aurar da ɗiyata ba. Ni ke goge allonsa, kuma ba na goge abu sai na karanta. Makon da ya gabata kaf hujjojin samuwar Ubangiji yake rubutawa: duk abin da ya motsa akwai mai motsa shi, duk tsari akwai mai tsarawa, ko ba a gan shi ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, Allah shi tsare ni da kwatanta kaina da Mahalicci. Amma kwandon shara wanga naka, wa ke motsa shi kullum?"

Ya gyara tabarau, ya ce wannan ya nuna akwai mai shara, bai nuna ni ce ba. Ƙila iska ce. Suka share awa guda suna gardama kan iska, har wani ya kawo aljanu.

Na ce to, a bar wa iska. Kwana uku ina share ko'ina ban da ofishinsa, na kuma bar mata taga buɗe. Ta kawo ƙura, leda, ɓawon albasa. Kaza ta biyo baya, ta yi ƙwai kan fayil ɗin kwamiti.

Ranar Alhamis ya riga ni zuwa, yana bakin ƙofa da takarda.

"Inna Kulu, akwai ki," in ji shi. "Na sa hannu. Don Allah fara da kazar."

Ku sababbin shiga aikin shara, ku riƙe wannan. Dakta ya gane Mahaliccinsa daga kyan tsari, mai shara kuwa sai da ya ga ƙazanta. Tun ranar, duk malamin da na haɗu da shi sai na gaishe shi da ƙarfi, kuma ba ni gusawa sai ya amsa da sunana.