Ashe Turarena Ne Yake Sa Ni Atishawa

Sau bakwai na yi atishawa a gaban likita yau a Kazaure, hanci na ƙaiƙayi, ido na ruwa. Wata huɗu ke nan ina shan maganin mura, babu sauƙi.

Ta ce, "Hajiya, ba mura ba ce, wani abu ne hancinki ba ya so. Wannan ƙamshin fa?"

Na ce, "Turaren wuta ne, ni nake haɗawa. Sana'ata ce."

Ta ce, "Ki ajiye kasko sati biyu mu gani."

Sati biyu, ga wata amarya a Roni tana jiran turarenta ranar Asabar. Tunda na dawo na kasa zama, sai zagaye kaskon nake.

'Yan'uwa, ku da wanne za ku haƙura, numfashi ko sana'a?