Hagun Mai Aski

"To ai hagu ce," in ji yayansa, yana gyara zama a kujerar aski. "Da dama ce ta taɓu, da sai mu yi kuka. Reza a dama take, almakashi a dama. Yi mini gyaran fuska mu gani, Dogo."

Tun da aka sallamo Dogo daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, maganar da kowa ke yi masa ke nan, har shi ma ya kama faɗinta. Yau ya fara buɗe shagon. Tawul ɗin da ya rataye a ƙusa ranar da ya faɗi yana nan, ya bushe ya sandare.

Tun yana saurayi yake aski a ɗakin nan. Waɗanda ya aske suna samari, yanzu su ke kawo masa 'ya'yansu, har da masu kuka, domin an san shi da taushin hannu. Bai taɓa fitar wa kowa jini ba.

Hannun hagun yana cikin aljihu. Malamar asibitin da ke koya masa motsa shi ta sha gaya masa, "Baba, kada ka ɓoye shi. Yanzu ne lokacinsa. Hannun da aka ajiye mantawa yake yi. Ɗora shi a tebur, ka ɗauki murfin kwalba, ka matsa soso, ko ya faɗi ka sake." Yakan ce to. Amma a gida murfin ya yi ta suɓucewa a gaban iyali, matarsa ta kau da kai don kada ya ga hawayenta. Sai ya mai da hannun aljihu. Ai hagu ce.

Ya shafa wa yayan kumfa, ya ɗauki reza. A ƙarƙashin kunne ta tsaya. Fatar wurin ta saki, ta yi ninki irin na tsufa. Nan Dogo ya gane abin da bai taɓa lura da shi ba a duk shekarun nan: kullum hagu ce ke gaba. Babban yatsa ya ja fata ta miƙe, manuni ya lanƙwasa kunne, sauran su lalubo ƙurji kafin kaifi ya iso. Dama bin sawu kawai take yi.

Ya ce wa hannun ya fito. Ya ɗan yi motsi a aljihu, kamar mai barcin da aka taɓa, ya koma. Wata jijiya na bugawa a wuyan yayan, dab da bakin rezar.

"Ka ɓata hanya ne?" in ji yayan, idonsa a rufe. "Tsohuwar fuskar nan ce dai, ba a sauya ta ba."

Dogo ya ja rezar. Ja ya ɓullo cikin farin kumfa.

"Yaya, na yanke ka."

Yayan ya leƙa madubi ya fara dariya. "Wannan? Sauro ma ya fi ka mugunta." Da ya ga fuskar ƙanen nasa, sai dariyar ta mutu.

Dogo ya ajiye rezar nesa, kamar ba tasa ba. Ya sa dama ya zaro hagun, ya ɗora shi a kuncin yayan da ɗan auduga ƙarƙashin yatsa.

"Kana jin sa?"

"Ina ji. Sanyi ƙalau."

"Ni da ƙyar nake jin ka."

"Danna mana."

Ya tattara duk ƙarfinsa. Babban yatsan ya yi rawa, ya ɗan lotsa audugar, ya saki.

"Malamar asibiti ta ce da wuri ake farawa," in ji Dogo, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ban sani ba ko na makara."

"Ita za ka tambaya, ba ni ba. Ni yanzu haka zan bi titi da rabin gemu?"

"Ka yi haƙuri da shi. Ga makulli, ka rufe."

Ya ɗauki soson da ke kan teburi, ya cusa shi cikin yatsun hagun, ya tallafo gwiwar hannun da dama. Ya fita ya nufi asibiti, hannun a waje, inda kowa zai gan shi.