Ranar da Gwaggo Ta Rabar da Faya-fayanmu

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ban ga ranar da zan manta da abin da Gwaggona ta yi mana ranar rufe horon saƙar faifai ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki. Yawanci tsakin ne ke rinjaye.

Ni malamar firamare ce a ƙauyenmu, can tsakanin Tofa da Rimin Gado, inda gona ke farawa daga bayan katangar kowane gida. Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma duk yankin babu wadda ta kai ta iya saƙar faifai da adudu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watse. Babban ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya gina gida a Bacirawa can cikin birni, ya ware mata ɗaki mai tayil da fanka, kuma duk zuwan da zai yi sai ya tayar da maganar ta koma wurinsa. Ita kuwa ba ta son jin zancen. Ga ɗakinta na aure, ga awakinta, ga maƙwabtan da suka tsufa tare. Hujjarta guda ce kullum: hannunta na ciyar da ita, ba ta zama kaya ba tukuna.

Sai dai hujjar ta fara rauni. Murafun roba sun cika kasuwa, amare sun daina neman faifai sai ɗaya ko biyu na al'ada. Yaya ne ke aiko da hatsi, kuma ya san da haka. A ƙarshe dai suka yi magana a gabana: idan saƙar ba ta riƙe ta ba zuwa ƙarshen damina, zai zo da mota, ita kuma ba za ta yi gardama ba. Ta amsa, don ta tabbata ba za a kai ga haka ba.

Ana cikin haka wata ƙungiya daga birni ta zo da shirin horar da mata masu sana'ar hannu, da alkawarin nema musu kasuwa. Da yake ni ce mai ɗan boko a kusa, sai na zama 'yar tsakani. Na bi gida-gida ina lallashin mazaje su bar matansu su halarta, na sha baƙar magana har na ƙoshi. A raina kuwa Gwaggo nake yi wa, don ni ma ba na son ta tafi.

Malamar da aka turo mana mace ce mai haƙuri. Ta koya musu yin faifai girmansa ɗaya, ta yanko kwali zagayayye ta ce kowa ta auna da shi. Ta nuna musu yadda ake rina kaba launi ba ya zuba, da yin ƙananan faya-fayai na ɗora kofi da manya na ado a bango, irin waɗanda 'yan birni ke so. Gwaggo ta yi ta mita a kan kwalin nan, wai tun kafin a haifi Malama take saƙa ba ta taɓa auna komai da takarda ba, amma daga baya ta bi, kuma nata ne suka fi na kowa kyau. Ranar da aka zo darasin ciniki, Malama ta sa su gwaji, ita ce mai saye su ne masu sayarwa. Da ta zo kan Gwaggo ta taya da arha, sai tsohuwa ta fizge faifanta ta ce, "Albarka! Ke kin san kwana nawa na yi a kansa?" Kowa ya kwashe da dariya. Malama ta ce min, "Wannan kam ba ta da matsala." Ni ma na yarda, domin na sha ganin Gwaggo a kasuwar Rimin Gado tana ja da dillalai har su gaji su bar mata.

Gab da ƙarewar horon, Malama ta zo da albishir. Akwai wata Hajiya mai babban shago a birni, tana tura kayan gargajiya har ƙasashen waje. Za ta zo ranar rufewa ta ga aikinmu da idonta. Idan ta ga kayan da yawa kuma aikin bai bambanta ba, za ta riƙa ɗauka a kai a kai. Matan nan suka duƙufa. Duk zafin bazarar nan suna zaune da basilla a hannu, yatsu suka yi kanta, har kabar da aka tanada ta ƙare ƙaf. Gwaggo kuwa har abinci sai an tuna mata.

Aka tsayar da cewa a tsakar gidan Gwaggo za a baje kayan, saboda yana da faɗi, kuma yawancin matan ba sa fita taron maza. Maza za su yi jawabansu a ƙofar gida, mata baƙi su shigo ciki. Tun da na ji haka na hango matsala, don na san halin gidanmu. Na same ta da safe tana damun fura, na durƙusa na ce, "Gwaggo, don girman Allah, kayan nan na nunawa ne. Ko wa ya yaba, ki ce kin gode, ki yi shiru."

Ta ɗago ta harare ni. "Ke 'yar nan, kin mayar da ni yarinya ne? Ba da ni aka yi karatun ba?"

Na ce, "Da ke aka yi, Gwaggo."

"To tashi ki ba ni wuri."

Kafin azahar tsakar gida ya yi kyau kamar ɗakin amarya. An shimfiɗa tabarmi, an jera faya-fayai ja da kore da ruwan ɗorawa, adudai a gefe. Baƙi suka fara shigowa: matan manyan ƙaramar hukuma, da ƙawayensu, da ƙawayen ƙawayensu, kowace da ƙamshin turarenta. Hajiyar da muke jira ce kawai ba ta iso ba. Aka kawo fura mai sanyi, suka sha, suka sa albarka, sannan suka fara zagaya kaya.

Ina tsaye ina kallo wata mai jan mayafi ta ɗaga adudun da Gwaggo ta fi wahala a kansa, ta jujjuya shi ta ce, "Kai, Inna! Wannan ya yi kyau, wallahi."

Gwaggo ta washe baki. "Ya yi miki?"

"Sosai ma."

"To ɗauka, 'yata. Na ba ki."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na matsa kusa na ce a hankali, "Gwaggo!" Ko kallona ba ta yi ba, ta ce ta gefen baki, "Kar ki kunyata ni a gaban baƙi." Matar nan kuwa, maimakon ta ce a'a, ko ta tambayi kuɗinsa, sai ta ce, "Ayya, har da ɗawainiya? Allah ya saka da alheri," ta rungume adudu. Ta kusa da ita ta ga haka, nan take ita ma wani faifai ya yi mata kyau. To an ba wa ta farko, ta yaya za a hana ta biyu?

Ina shirin in tattara sauran in kai ɗaki sai ga Malama da waya a kunne, hankali a tashe. Direban Hajiya ya ɓata hanya, sun yi wajen Tofa. Ta ce ni ce na san gari, in hau babur in je bakin titi in taro su. Na ja wata maƙwabciyarmu gefe na ce ta tsare kayan nan kamar ranta. Ta ce in tafi kawai, babu abin da zai faru.

Abin da ban lissafa ba shi ne sauran masu saƙar. Ashe da suka ga Gwaggo na kyauta ana yi mata addu'a, sai kowace ta ga idan ta riƙe nata za a fita da ita a baki, a ce matar gidan wane marowaciya ce. Abu ya koma gasa. Ita kanta wadda na bar wa tsaron, daga baya na ji ita ta fi kowa rabo, har tana bin wata baƙuwa zaure tana cewa ai ba a ba ta na ɗora kofi ba.

Da muka iso bayan la'asar, tun daga bakin lungu na fara cin karo da kayanmu. Mata na shiga motoci, wannan da adudu a hammata, waccan tana fifita da faifan bango. Ɗaya har ta ɗaga min hannu ta ce, "Malama, mutanenku akwai karamci!" Ban san abin da na amsa mata ba. Na dai san cewa da ba don Hajiya na bayana ba, da sai na bi motocin nan da gudu.

Muka shiga muka tarar da tabarmi fayau. Matan suna zaune ana ta hira, fuska cike da annuri kamar an gama biki lafiya. Malama na tsaye jikin rumbu, ta dafe kai. Ashe an riƙe ta a wajen jawabin maza, ba ta sake shigowa ba sai da aka gama rabon. Hajiya ta gaisa da kowa cikin mutunci, ta zauna, ta duba hagu da dama ta ce, "To ina kayan?"

Sai Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauke faifan da aka rufe ƙwaryar fura da shi, ta kaɗe shi a zaninta, ta miƙa mata. "Kin zo a makare, 'yata, amma ba za ki fita hannu sake ba. Ungo wannan."

Wallahi a lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige. Hajiya ta karɓa ta duba saƙar sosai, ta ce aikin hannu ne mai kyau. Sannan ta ce, "Inna, ni ba kyauta na zo karɓa ba. Faifai ɗaya ba ya gaya min ko za ku iya cika min shago. Ina da masu jira." Ta ce idan za a iya sake haɗa kamar waɗancan nan kusa, a kira ta. Ta ajiye faifan a kan tabarma ta yi sallama.

Ban bari ƙurar motarta ta kwanta ba na juya kan Gwaggo. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce mata wahalar bazara guda ta rabar a yini ɗaya, ta kuma ja sauran mata sun bi ta. Na ce, "Ba ke ce kika ce wa Malama albarka ba? Ina bakin ya tafi?"

Ta ce, "Wancan ai wasa ne. Kuma a kasuwa daban. Nan gidana ne."

Washegari Malama ta fara kiran baƙin nan a waya ko za su dawo da kayan na ɗan lokaci. Wata ta ce ta riga ta ba surukarta, wata ta ce ta kafa a bango, wasu ba su ma ɗauka ba. Da labari ya kai kunnen Gwaggo, sai ta aiko a kira ni, ta wanke ni tas. Wai a garin nan ba a taɓa ba da kyauta a bi ta a karɓo ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Wato ni ce ma mai laifi. Na dawo gida raina a ɓace, na kasa cin tuwo.

Sake haɗa kayan kuwa bai yiwu ba. Kaba ta ƙare, kafin a samo wata ruwa ya sauka, wadda aka samo ta ƙi bushewa, kowa kuma ya koma gona da dafa abincin masu noma. Hajiya ta jira iya jiranta, ta ƙulla da matan wani ƙauye. Da aka gama girbi, Yaya ya zo da mota kamar yadda aka yi alkawari.

Ni na taya ta ɗaure kaya, kuma har lokacin ina cike da ita. Muna naɗe tabarma na kasa haƙuri na ce, "Da kin riƙe kayan nan na yini ɗaya tak, Gwaggo, da yau ba ma wannan aikin."

Ta ƙarasa naɗe tabarmar, ta jingine ta. Sannan ta ce, "Na sani. Tun ina miƙa adudun nan na sani. Amma mace ta shigo gidana, ta sha furata, ta ce abu ya yi kyau, in ce mata kawo kuɗi? Da wane bakin?" Ta share ido da gefen mayafi, ta ce in tabbata an ba awakin ruwa kafin mai sayensu ya zo.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Za ka iya koya wa mutanenmu awo da rini da ɗaukar hoto a waya, su iya tsaf, amma ba za ka koya musu sayar wa baƙo abu a cikin gidansu ba. Tun daga shekarar, duk wanda zai ga kayan matanmu, a rumfar kasuwa yake ganinsu, kuma matan da suka yi rabon nan su ne yanzu ba sa rage ko sisi. Sana'ar ta tashi, sai dai wadda aka faro abin dominta ba ta ci moriyarsa ba. Duk safiya ta ƙofar gidanta nake wucewa zuwa makaranta, kuma ɗakin nata yanzu harawa ake zubawa a ciki.